Jan Ɗigo a Hayin Gada

Doguwa da aminiyarta, wadda ma'aikata ke kira Anti, tare suka buɗe gidan abincin da ake kai wa mutane har ƙofa. Doguwa na bakin murhu, Anti na kan waya da takardu. Kasuwa ta kankama ke nan Doguwa ta tafi jinyar mahaifiyarta. Da ta dawo ta tarar an canja kwado, an tsayar da wata a kan tukunyarta. A gaban masu baburan kai abinci Anti ta gaya mata cewa shago da sunan ita Anti kaɗai aka yi rajistarsa, girki kuwa kowace mace ta iya.

Doguwa ba ta zubar da hawaye ba. Ta koma kicin ɗin gidanta ta fara daga tushe, da babur ɗaya na ƙanin mijinta. Maigidan ya yi ta lallashinta ta bar wa Allah. Ta ce ta bar masa, amma ciwon yana nan.

Ta sa aka yi mata shafin oda a intanet. Wanda ya yi shi ya nuna mata taswirar da ke ciki: duk unguwar da ake yawan buɗe shafin, ɗigonta sai ya yi ja. Kullum bayan wanke-wanke takan zauna kan buhun shinkafa tana duba wayar. Unguwarta ba laifi. Amma ɗigon da ya fi ja yana hayin gada, wurin ofisoshi, inda Anti ke cin karenta babu babbaka. Da hantsi mutanen can sukan buɗe shafin, su zaɓi abinci, da sun ga daɗewar da zai yi a hanya sai su fita.

Nan ta gane tsofaffin masu sayenta ne suke neman hannunta, nisa ne ya raba su.

Ta kama hayar wani gareji a bayan ofisoshin, layi ɗaya da shagon Anti. Ta sa tallanta ya riƙa fitowa a wayoyin unguwar kaɗai, daidai lokacin da yunwa ke fara ƙwanƙwasa ciki. Abincinta ya riƙa isa teburin mutane da tururinsa. Duk layin da ta san Anti na da masu saye, can ta fi matsawa, har da ƙarin kaza kyauta. Masu baburan Anti suka fara sulalowa ɗaya bayan ɗaya, tana karɓarsu, ban da wanda ya yi dariya ranar da aka kore ta.

Wata rana da azahar sai ga Anti a bakin garejin, ta rame, tana kare fuska daga hayaƙi. Ta kawo zancen zumunci da shekarun da suka yi tare, ta ce a sake haɗa hannu.

Doguwa ta ci gaba da juya miya. "Ƙawata, ai kowace mace ta iya girki. Je ki nemo wata."

"Rufe shagon zan yi," in ji Anti a hankali.

"In kin rufe ki gaya wa wanda ya ba ki haya ina son wurin."

Bayan ta tafi, Doguwa ta ajiye ludayi ta leƙa ƙofa ta bi bayanta da kallo, don ta so matar nan da gaske. Amma da wata ya ƙare ita ta kama shagon, ta sa aka kankare sunan da ke jikin bango.