Doña Hermelinda Ta Koyi Riƙe Bakinta

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku amsa mana, ko bakin ya yi nauyi ne? Yauwa, ta zo ku ji ta.

Doña Hermelinda ta fasa ƙwai na bakwai a kofin ruwa, ta ɗaga shi saitin taga, ta ƙura ido. Ta riga ta shafe jikarta Nayeli da shi tun daga ka har tafin ƙafa, haɗe da addu'a uku, yadda ake cire wa yaro razana can ƙasarsu Honduras tun kaka da kakanni. Farin ƙwan ya yi zare-zare, alamar ciwo ya fito. Na shida ma haka ya yi.

"Kin ji sauƙi ko?"

"Na ji, Kaka."

Sai ƙwan-ƙwan a ƙofa. Maƙwabciyarsu Chayo ce ta dawo da tukunya. Kafin tsohuwar ta waiga, Nayeli, budurwa 'yar shekara goma sha uku, ta shige ƙarƙashin tebur, ta toshe kunnuwa.

"Ya Ubangiji, na gaji!" in ji Hermelinda. "Ƙwai bakwai!"

Wata huɗu ke nan da ranar Lahadin da jami'an shige da fice suka tafi da ɗanta Rigoberto, uban Nayeli. A lokacin tsohuwar tana harabar coci tana sayar da tamal, wani abincin masara da ake dafawa a naɗe cikin ganye. Kuma duk unguwarmu ta bayan masana'antar yankan kaji, har yaron da bai iya ɗaura takalmi ba, ya san doka: ba a buɗe ƙofa sai an turo takarda mai sa hannun alƙali ta ƙarƙashi. Fada ya faɗa a coci, an manna a jikin firji. Rigoberto kuwa ya ce shi ya buɗe musu. Shi ya sa kullum, tana murza ƙullu, take mita.

"Ƙato da gashin baki, ya buɗe musu kamar masu kawo biredi! Wanda ya buɗe ƙofar nan shi ya kashe gidan nan."

Da makaranta ta ga Nayeli na barci a aji tana firgita, sai aka haɗa ta da Malama Araceli, mai duba yaran da tashin hankali ya taɓa. Kowace Alhamis yarinya ta dawo da sabon salo. Yau ta dafa ciki tana jan numfashi. Gobe ta buɗe littafi, wai tana kama mugun tunani ta tambaye shi hujjarsa.

"Numfashi ma sai an koya miki? Shekarata sittin da takwas ina yi ba malami."

Chayo kuwa ta taɓe baki. "Likitar mahaukata ce, ƙawata. Kada dai a ji a waje."

* * *

A mako na goma sha ɗaya da fara ganin Nayeli, Malama Araceli ta kira tsohuwar ita kaɗai. Ofishin bai fi ɗakin ajiye tsintsiya ba. Malamar kuma, a idon Hermelinda, yarinya ce da ba ta gama iya dafa wake ba.

"Doña, Nayeli ta gama rubuta abin da ya faru ranar nan. Alhamis mai zuwa za ta karanta miki da bakinta. Ta yarda in fara karanta miki yau, don kada ki ji shi farat ɗaya a gabanta."

"Abin da ya wuce, me ya sa kuke tona shi?"

"Don a wajenta bai wuce ba."

Ta buɗe littafin ta karanta. "An ƙwanƙwasa. Wani ya ce an goge wata jar mota a waje, ko ta gidan nan ce. Baba yana wanka. Sai na buɗe. Da suka fito da shi, ya ce mini kada in gaya wa kowa. Kullum Kaka tana cewa wanda ya buɗe shi ya kashe gidan."

Hermelinda ta miƙe, jakarta ta faɗi.

"Ita ce? Sau nawa na gaya mata! Sau nawa! Ga takarda a jikin firji!"

"To kin gani. In kika faɗi haka ranar Alhamis, ba za ta ƙara buɗe baki ba, ko a wajenki ko a wajen wani. Zauna mu gwada. Ni ce Nayeli. Na gama karantawa. Me za ki ce?"

"Wasan yara za mu yi?"

"Me za ki ce, Doña?"

Tsohuwar ta yi tsaki ta zauna. "Ba laifinki ba ne, amma da kin leƙa ta taga..."

"Babu amma."

"Ba laifinki ba ne. Sai dai mai hankali..."

"Sai dai ma amma ce."

"Ke 'yar nan! Na haifi shida, na binne biyu, na ratso ƙasa uku da ƙafata, yau ke za ki koya mini magana da jikata?"

Malama Araceli ta cire tabarau ta murza ido. "Doña, yara talatin da ɗaya ke jirana, goma sha ɗaya daga layinku. Ni kaɗai ke jin Sifaniyanci a nan. Zama goma sha biyu aka ba Nayeli, na Alhamis ne na ƙarshe. Ki zage ni in kin so, amma mu sake."

Suka sake. Sau tara.

* * *

Duk makon ta yi ta gwadawa a kicin, tana faɗa wa ƙullu, tana faɗa wa tukunyar wake. Kowane karo amma ɗin nan sai ta biyo baya kamar tari. Haushi ya ishe ta: na Rigoberto da ya ɗaure bakin yarinya ya tafi, na mutanen da suka zo da ƙarya, na bakinta da ya yi wata huɗu yana yanka ba ta sani ba. Da ta buɗe baki za ta yi mitar da ta saba, sai ta cusa tortilla, gurasarsu ta masara, ta tauna.

"Kaka, yunwa kike ji haka?"

"Ci naki."

* * *

Ranar Alhamis Nayeli ta riƙe littafi da hannu biyu. Ta karanta har wajen motar, ta tsaya, ta dafa ciki, ta ja numfashi. Hermelinda ta ga amfanin abin a karon farko.

"Sai na buɗe," in ji Nayeli. Ba ta ɗago ba.

Amma ɗin ta taso wa tsohuwar har maƙogwaro. Ta damƙe carbinta sai da gicciyen ya shiga tafin hannu. Maganar da aka koya mata sau tara ta ɓace fat.

"Ƙarti huɗu da bindiga," ta ce, "suka tsaya suka yi wa yarinya ƙarya. Ko kunya." Ta haɗiye amma ɗin. "Ni ma da ina gida, da na buɗe."

Nayeli ta ɗago. "Da gaske, Kaka?"

"Tsohuwa da ni zan yi miki ƙarya?"

Ƙarya ce. Da ba ta buɗe ba ko da gidan na ci da wuta, ta kuma sani. Yarinyar ta kifa kai a cinyarta ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar. Hermelinda tana shafa mata gashi, tana hararar malamar da ke share nata hawayen.

* * *

Nayeli ta koma barci har safe, ta kuma ci jarrabawarta. In an ƙwanƙwasa tana ɗan daskarewa, sai ta ja numfashi ta ci gaba da abin da take yi. Rigoberto an mayar da shi Honduras, yana garin San Pedro Sula yana gyaran taya, yana bugo waya duk Lahadi, har yau cewa yake shi ya buɗe. Malama Araceli an ƙare aikinta a watan Yuni, ba a kawo wata ba. Cikin yaran da ba ta kai gare su ba akwai jikan Chayo. Doña Hermelinda kuwa ta daina sayar da tamal a coci. Ran Lahadi da rana kujera take jawowa ta zauna gadi a bayan ƙofa, ta juya wa ƙofar baya, tana tsince wake.