Kurwar Ponlok

…kuma ban ma san abin da ya sa na sa masa rigarka ba, Baban Ponlok. Ta yi masa yawa. Da kafaɗarsa ta fi taka faɗi, ka tuna? Yanzu rataye take a jikinsa kamar an shanya ta a kan kara.

Muna kan dutsen Kulen. Ƙafata cikin kogi. Ina ganin sassaƙen mutanen da a ƙarƙashin ruwa, jeri-jeri, yashi ya cike tsakaninsu. Sun ce duk ruwan da ya bi ta kansu ya zama magani. To, ga shi yana bi ta kan ƙafata. Sanyi dai.

Yaya Savun ce ta haɗa tafiyar. Ka san yayarka in ta sa abu a gaba. Ta ce kurwar mutum goma sha tara ce, na yaron nan wasu sun tsaya a teku, cikin jirgin kamun kifin Thailand da ya yi shekara da shekaru ba a sauke shi ba. Sai an kira su. Mun kira a gida, ba su zo ba. Ta ce ai ƙauyenmu a kwari yake, daga nan sama ne murya ke kaiwa nesa. Na ce to.

Ba ya barci — abin ke nan. Tun da aka dawo mini da shi. Ci yana ci, in ba kifi ba ne, a tsugune, hannu baka hannu ƙwarya, yana kare kwanon da gwiwa… daga wa? Daga ni? Magana kuwa e ce da a'a. Ya jingina da ginshiƙin gida, ido buɗe, rana ta fito ta same shi, ta faɗi ta bar shi. A asibiti an ba shi ƙwaya. Ya haɗiye, ya zauna, ido buɗe. Na tambayi likita, mutum zai kai yaushe a haka? Takalminsa kawai ya kalla.

Kai ka huta. Ka mutu kana tsammanin can za ka tarar da shi.

Ɗazu mun hau matakala har wajen Buddha mai kwance. Ƙato, a sassaƙe a kan dutse, kai bisa tafin hannu, ido a lumshe. Na ajiye furen bado, na kunna turare, na buɗe baki in roƙa… sai na ga kallonsa kawai nake. Shi ya samu. Shekaru nawa yana kwance haka, ba mai tashinsa?

Yaya Savun ta zungure ni. "Sinat, roƙo aka zo, ba sakin baki ba. Ƙuda zai shiga."

Nan baya cikin daji akwai tsohon ginin nan na jan bulo, wanda saiwar bishiya ta shaƙe wa wuya. Lokacin da muka zo da shi yana ƙarami, ba a gama tone nakiyoyi ba. Kana gaba, kana cewa taka inda na taka, taka inda na taka, shi yana bisa wuyanka… ya yi barci, yawunsa na bin kunnenka. Yaron da ke barci a bayan bijimi, a kan buhun shinkafa, a tsakiyar biki kalangu na tashi. Har duka na yi masa saboda barci. Ni da hannuna.

Ga Acha ya shigo ruwan, dattijon da ke jan addu'a a haikali, farar riga, tasa a hannu. Ya tsayar da Ponlok a gabansa. Yana kira a hankali, kamar mai kiran kaji da yamma: ku dawo daga daji, ku dawo daga ruwa, ga shinkafa, ga gida, ga uwa tana jira. Uwar nan ni ce? Ina jin ya kamata in yi kuka a nan. Na nema, babu.

Ya cika tasa. Ya ɗaga. Ya juye masa a ka —

Yaron ya zube. Hannu biyu a ƙeya. Sai ya zabura ya miƙe, ya hau jan iska, ja, ja, da sauri, igiyar da babu ita, yana sunkuyawa yana ɗagowa, idonsa ba a kan kowa ba.

"Kin gani? Abin ne ke fita," in ji Yaya Savun. "Ƙara masa, Acha."

Ya ƙara masa.

An faɗa mini fa. Matar da ta rako shi daga bakin iyaka ta faɗa, da bokitin ruwa ake tashinsu aiki, duk wanda ya gyangyaɗa. Na ji da kunnena. Amma wannan ruwan Kulen ne… ta ina zan haɗa shi da bokiti? Wa zai haɗa?

Ya daina ja. Ya dubi hannuwansa. Ya fita daga kogin, ya bi hanyar gangare, rigarka na ɗiga. Jan zaren da za a ɗaura masa a wuyan hannu, don kurwar da ta dawo ta zauna, yana hannun Acha. Ba a ɗaura ba.

Ina binsa. Ba gudu nake ba, ƙafar ce ke tafiya. Masu gasa kaji, masu jar ayaba, 'yan mata a lilon furanni ana ɗaukarsu hoto… wata ta ce inna, ɗan matsa, kin shiga ciki. Na matsa. Katakon matakalar na da santsi. Ƙarar ruwa tana ƙaruwa, tana ƙaruwa, har ba na jin takun kaina.

Ga babban ruwan, yana zubowa daga sama fari fat. Yara na wanka da kaya a jikinsu. Ina yake?

Can. Gefe, kan wani falalen dutse inda feshi ke sauka. A kwance, a dunƙule, gwiwa a ƙirji.

Ya faɗo ne? Abin da ya zo mini, wa zai taya ni hawa da shi wannan matakala. Shi ke nan abin da ya zo. Wace irin uwa ce…

Na durƙusa. Ƙirjinsa na hawa, yana sauka. Baki a buɗe. Barci, Baban Ponlok. Barci yake. Dutsen na rawa a ƙarƙashin gwiwata, dim-dim-dim, ba tsayawa, kamar injin… kamar inji. Ni da nake hana kaji kuka, na ɗaure kare nesa, nake tafiya da sanɗa a gidana don ya samu shiru. Ashe shirun ne ke hana shi barci.

Yaya Savun ta iso tana haki, zaren a hannunta. Sai da ta sa baki a kunnena. Wai in tashe shi a ɗaura, Acha ba zai yini yana jiranmu ba, kuma ba a ɗaura wa mai barci, kurwar mai barci yawo take. In ba a ɗaura ba, wahalar banza muka yi.

Bakinsa na motsi. Na sunkuya. Magana yake, doguwa, a natse, irin hirar mutum da abokinsa, da yaren mutanen jirgin. Har da 'yar dariya. Tun da ya dawo bai yi mini rabin wannan ba. Ko kalma ɗaya ban gane ba… da wa yake?

Mun zo kiran ɗan abin da ya rage a can. Ashe shi kansa ne a can jirgin. Abin da ya rage ne aka kawo mini.

Tana tsaye a kaina tana jira. Na miƙa hannu saitin kafaɗarsa, ban taɓa ba tukuna… feshi na sauka, hannun ya fara sagewa.