Jan Ƙarfen Sa'ida

Duk unguwar Zaitawa an san Kaka Aisa da hali ɗaya: ba ta iya ganin ƙarfe ya dushe ta wuce shi. Ko gaisuwar mutuwa ta je ta hango buta ta yi baƙi, sai ta ji hannunta yana ƙaiƙayi. Uwarta, mutuniyar Barno, ita ta koya mata cewa a jikin kwanuka ake gane mace, ita kuwa ta riƙe karatun nan har ya wuce misali. A ba ta toka da lemon tsami da soso, a ga aiki.

Jikarta Sa'ida, wadda ta raina tun rasuwar uwarta, ita ma harkar ƙarfe take yi, amma a jami'a, inda take digiri na biyu. Ta sha yi wa Kaka bayani: wai akwai wani sinadari da ake shimfiɗawa a kan jan ƙarfe, siriri fiye da fatar albasa, idan aka haska shi sai ya mayar da nasa hasken. Irin waɗannan abubuwa, in ji ta, da yawa ba sa haske sosai sai an saka su cikin sanyin da ya fi na ƙanƙara, nata kuwa so take ya yi a zafin ɗaki, haka kawai. Kaka takan gyaɗa kai ta ce, "Allah ya taimaka, boka." Abin da ta tsinta a duk zancen shi ne yarinyar nan tana yin ƙarfe mai haske.

Kusan shekara Sa'ida ta yi tana fama kafin abin ya yiwu. Saura awo, injin awon kuwa yana wata jami'a can kudu, kuma da ƙyar layi ya zo kanta. Gobe da safe za ta tafi. Idan ta rasa wannan dama, babu maganar gamawa a bana.

Bayan azahar ta fita karɓo ɗinki a Ƙofar Mazugal. Kaka ta shiga ɗakinta don ta cusa mata dambun nama a jaka, sai ta ci karo da wani ɗan akwatin roba. Ta buɗe. Ƙananan fallayen jan ƙarfe ne a jere, kowanne bai wuce kwalin ashana ba, duk sun yi fari-fari, dusu-dusu, kamar an manta da su a bayan randa.

"Oh ni Aisa!" ta ce ita kaɗai. "Da waɗannan za ta shiga gaban manyan malamai? A ce daga gidana suka fito?"

Ta kwashe su ta yi tsakar gida. Ta yanka lemon tsami, ta ɗebo toka, ta zauna ta yi musu wankin da ko kayan amarya ba ta taɓa yi wa ba. Yatsunta na ciwo, ba ta kula ba. Da ta gama ta jera su a kan farin ƙyalle, suna ɗaukar ido, ta koma gefe tana jiran yabo.

Sa'ida ta yi sallama ta shigo. Idonta ya sauka kan ƙyallen, ledar ɗinkin ta zame daga hannunta.

"Kin gani ko?" in ji Kaka. "Ke da karatunki ko goge ƙarfe ba ki iya ba. Yanzu suka zama masu haske."

"Kaka," in ji Sa'ida, muryarta ƙasa-ƙasa, "farin nan da kika wanke, shi ne aikin. Ƙarfen shimfiɗa ce kawai."

Kaka ta dubi ƙarfen, ta dubi ruwan tokar da ke gangarawa kwata. Da yarinyar ta yi mata tsawa, da ta fi samun sauƙi. Amma Sa'ida zama ta yi a bakin rijiya ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta kawai ke motsi. Kunya ta kama Kaka, da tausayi, da haushin hannunta.

Can ta matsa kusa. "'Yar nan, ba a mayar da shi? In toka ce a tace, in ruwan ne a kwashe."

Sa'ida ta yi wata 'yar dariya cikin kuka. "Ba a mayarwa, Kaka." Ta share ido. "Tashi mu duba dai. Kada ki taɓa su."

Ta ɗauko ƙyallen da kanta suka shige ƙuryar ɗakin Kaka, suka rufe ƙofa da taga, suka saki labule. Sa'ida ta fito da wata 'yar tocila mai shuɗin haske, irin wadda 'yan canji ke duba takardar kuɗi da ita. Ta haska na farko, babu komai. Na biyu ma haka. Kaka tana ta salati a zuci, tana jin kowane ɗaya kamar mari. Haka suka bi su har suka zo kan na ƙarshen layi.

A kusurwarsa wani ɗan wuri ya kama haske, kore shar, a hankali, ba wuta ba hayaƙi.

Sa'ida ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓawa. "Kaka, a nan kika riƙe shi?"

"Hannuna ne ya gaji," in ji Kaka, kamar mai ba da haƙuri. "Na kasa juya shi in goge wajen."

Wurin daidai faɗin babban yatsanta ne, har da ɗan lanƙwasarsa.

"Zai isa?"

"Ban sani ba tukuna. Amma injin wuri kamar ƙwayar riɗi yake dubawa. Zan tafi da shi."

Sai a lokacin hawayen Kaka suka zubo. Shekara guda tana jin zancen hasken nan tana ɗaukarsa shirmen 'yan boko, ashe gaskiya ne, kuma jikarta ce ta yi shi da hannunta. Sa'ida ta kashe tocilar, ta rungumo ta a cikin duhun, ƙamshin lemon tsami duk ya cika ɗakin.

"Ya isa, tsohuwa. Sai kin sa ni wani kukan?"

Kaka ta ja hanci, ta mayar da hannayenta biyu baya ta riƙe su gam.

"Sake kunnawa," ta ce. "Ban gama gani ba."