Gwaggon da Aka Goge

A gidansu Sai-an-buga ake kiranta, kuma ita ta jawo wa kanta. Yaushe za ki zo mana wuni? Sai an buga. Yaushe za a sauya labulen falon nan da rana ta cinye? Sai an buga. Littafinta take nufi, wani dogon labari da ta rubuta shekarun baya, wanda tun daga lokacin take yawon tallarsa a wurin editoci. Har mijinta, in yana jin tsokana, da sunan yake ƙwala mata kira tun daga bakin ƙofa.

Aikinta na cin abinci a kantin tabarau yake. Tana goge gilasai, tana ɗaure 'yan kusoshin nan da ba su kai ƙwayar shinkafa ba, tana riƙe wa tsofaffi madubi su duba ko tabarau ya zauna musu a hanci. Wayarta kullum a kife take a gefen teburin, kusa da tsumman goge gilashi, kuma duk motsin da ta yi sai gaban baiwar Allah ya faɗi. Yawanci kamfanin waya ne ke tallar garabasa.

Ƙa'idar masu buga littafi ita ce ka aika da babi uku na farko. In sun yi musu, su nemi sauran. To, babu wanda ya taɓa neman sauran nata. Shawara kam ta sha ta har ta ƙoshi, don editan da ba zai karɓi aikinka ba ya fi kowa sanin yadda ya kamata ka yi shi. Wani ya ce labarin ya cika surutu. Wani ya ce mutanen ciki sun yi yawa. Wata dillaliya, irin masu shiga tsakanin marubuci da kamfani, ta ce Gwaggon nan ta danne kowa, ta hana jarumar labarin sakat, a rage mata baki. Gwaggon kuwa tsohuwa ce a cikin labarin, mai harshe kamar reza, wadda ba ta bar likita ba, ba ta bar suruki ba, balle maƙwabta.

Sai-an-buga mace ce mai tsari, ba ta iya kwana da kwano ɗaya a wurin wanke-wanke. Haka take a kwamfuta ma: fayil ɗaya tal gare ta, sunansa Littafi. Duk shawarar da ta shigo, sai ta buɗe shi bayan ta taso aiki, ta gyara tun daga farko har ƙarshe don kada a nemi sauran a tarar bai bi sahu ba, sannan ta adana sabon a kan tsohon. Ta rage wa Gwaggo baki. Da hakan bai sa an kira ta ba, ta kashe ta a babi na huɗu. Da wani ya ce mutuwar ba ta da dalili, ta cire ta ɗungurungum, kamar ba a taɓa haihuwarta ba. Littafin ya yi sumul, ba inda mai karatu zai yi tuntuɓe, kuma dai shiru kake ji.

Ran nan da hantsi, tana tsaka da gwada wa wani dattijo tabarau, wayar ta ɗauki ruri. Muryar mace ce, mai kauri, irin ta wadda ta daɗe da daina gaggawa. Ta ce ita ce editar da aka fara aika wa littafin tun can farko. Rashin lafiya ya kwantar da ita, takardu suka taru, sai yanzu da take kwashe su ta ci karo da babi ukun.

"Malama, na yi dariya har na ƙware," in ji ta. "Ina kika samo tsohuwar nan? Na daɗe ban ga mutum a takarda da nake jin tsoron ya zage ni ba."

"Gwaggo kike nufi, ranki ya daɗe?"

"Wa kuma? Ai ita ce littafin. Turo min sauran yadda yake, kar ki taɓa ko waƙafi. Ranar Litinin muke zaman zaɓen littattafan baɗi, ina so in shiga da shi a hannuna."

Sai-an-buga ta ce to. Har godiya ta yi, har da rusunawa, wayar na kunne. Sai da ta ajiye ta ne maganar ta sauka a cikinta. Dattijon yana ta cewa yana ganin komai bibbiyu, ita kuma tana cewa zai saba. Ashe gilashin karatun wata mata ta ɗora masa. Mai kantin ya dube ta ta saman nasa tabarau, ya ce in ba ta da lafiya ta tafi gida tun kafin ta makantar masa da mutane.

Ba ta jira an maimaita ba. A cikin motar haya ta kasa zama sosai, ta yi ta leƙen hanya kamar leƙen zai rage cunkoso. Tana isa gida, ko takalmi ba ta cire ba ta buɗe kwamfutar, ta rubuta Gwaggo a wurin nema. Babu. Ta san babu, amma ta sake rubutawa. Ta bi saƙonnin da ta taɓa aikawa ɗaya bayan ɗaya, duk babi uku ne, babi uku ne, kowanne ya fi wanda ya gabace shi ladabi. Ta miƙe, ta zagaya falon, ta ɗora ruwan shayi ta manta da shi, ta dawo ta zauna, ta sake miƙewa.

Ta sungumi kwamfutar ta yi kasuwar masu gyara. Mai gyaran ya saurare ta yana ɗaure wata waya, ya tambaya ko goge fayil ɗin ta yi.

"Ban goge ba. Gyara na yi ta yi a kai."

"Tun yaushe?"

"An kwana biyu."

"Wata nawa?"

"Shekaru dai."

Ya ajiye abin hannunsa. "Anti, da gogewa kika yi, da sai in ce mu gwada. Wannan kuwa allo ne da aka wanke aka sake rubutu a kai, aka sake wankewa. Ko wanda ya ƙera na'urar bai isa ba."

Ta fito ta tsaya a rana, haushin kanta ya kama ta har ta rasa inda za ta sa shi. Garin neman gira ta rasa ido, kuma babu wanda ya riƙe mata hannu, da yatsunta ta yi. Ta kira mijinta, wanda yake can yana ja wa wani sabon gini wayar lantarki. Ta zayyana masa komai a guje. Tana jin ƙarar guduma a bayansa.

"Ba kin taɓa bugo shi a takarda ba?" ya ce. "Wani tuli haka, da kika ce in ɗauko miki daga shagon masu kwafi, har ledar ta yage a hanya?"

"Na ba Yaya!"

"To, me kike jira?"

Yayar tata ba ta daɗe da sauya gida ba, can bayan gari, inda mota ke sauke mutum ya ƙarasa da ƙafa. Sai-an-buga ta tarar da ita tana shanya a tsakar gida, da abin maƙale kaya a baki, tana magana ta gefensa.

"Lafiya, Sai-an-buga? Ko an buga ɗin ne?"

"Yaya, littafin da na ba ki. Na takarda. Yana ina?"

Yaya ta cire abin daga bakinta, ta shiga gyara wani zanin gado da ba ya bukatar gyara. "Wanne fa?"

"Wanda kika ce kin karanta har kin yi kuka."

"To, ai kin san ni da karatu, ido ya yi ta ruwa." Ta yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ke, tsakani da Allah, na fara. Sai yara, sai baƙi. Da muka tashi ƙaura kuma aka rasa abin naɗe kayan fashi, ga takardu masu kyau a ajiye, ni kuma na san kina da shi a na'urarki."

"Kin naɗe kofuna da shi."

"Da farantai. Ko ɗaya bai fashe ba, wallahi."

Da wata rana ce da an yi ta. Yau kuwa ko ƙarfin faɗa babu. Ta tambayi inda takardun suke, Yaya ta ce an share su tun ranar da aka jera kaya. Sai kuma ta dafe goshi, ta ce akwai kwali ɗaya na kofunan baƙi da ba a buɗe ba, yana ɗakin ajiya, ƙarƙashin tsohuwar fanka.

Suka jawo shi tsakiyar ɗaki, suka zauna a ƙasa. Sai-an-buga tana zare kofi, ta miƙa wa Yaya ba tare da ta kalle shi ba, ta shimfiɗa takardar a cinyarta tana lallashinta da tafin hannu. Ba su da yawa, kuma ba a jere suke ba: wannan daga tsakiya, wancan daga kusa da ƙarshe, wani rabinsa ya tafi. Ta jera su gefe guda. Ta san ko an haɗa su duka ba za su yi babi ɗaya ba, amma ta ci gaba da warwarewa har kwalin ya koma fanko.

A cikinsu akwai shafin asibiti. Ta ma manta ta taɓa rubuta shi. Gwaggo ce a kwance, wani matashin likita ya zo da fuskar tausayi yana gaya mata ta kira 'ya'yanta ta yi musu sallama, ita kuma tana tambayarsa wa ya yi masa wannan askin, don ta yafe wa kowa kafin ta tafi amma ban da shi. Sai-an-buga ta ji dariya ta kuɓuce mata, irin ta mai karanta aikin wani. Yaya ta matso ta ce mene ne, ta ɗora haɓa a kafaɗarta. Sai-an-buga ta koma farkon shafin ta karanta mata a bayyane, muryar tsohuwar na fitowa daga bakinta ba tare da ta nemo ta ba.

Yaya ta yi dariya har da buga cinya. "Kai, wannan tsohuwa! Ci gaba, ci gaba."

Ta ci gaba. Likita ya gyara tsayuwa ya ce ba wasa ya kawo shi ba. Gwaggo ta yafito shi da yatsa ta ce, "Matso nan, yaro, in gaya maka abin da uwarka ta manta ba ta gaya maka ba. Duk ranar da ka ga"

Nan shafin ya ƙare. Ta juya bayansa, fari fat. Yaya ta shiga birkita sauran takardun, ta leƙa cikin kwalin, har ta kife shi ta girgiza.

"Babu na gaba. To, ke faɗa min mana. Me ta ce masa?"

Sai-an-buga ta buɗe baki. Ta rufe ido ta kasa kunne, ta jira tsohuwar ta ƙarasa. Abin da ta ji kawai shi ne muryoyin masu ba ta shawara: ta cika surutu, ta danne kowa, a rage mata baki.

"Ke fa kika rubuta," in ji Yaya, tana zungurinta. "Me ta ce?"

"Ban sani ba, Yaya," ta ce. "Wallahi ban sani ba."