Rigar Kwamfuta

Inna mace ce da ba ta iya ganin kaya tsirara a ɗakinta. Rediyo na da riga, keken ɗinki na da riga, filas ɗin shayi ma yana da tasa, har da hula. Da zare da kwarashi take saƙa su, baki na hira, hannu na tafiya. Mijinta, wanda kowa ke kira Direba saboda motar haya da ya ja har kansa ya yi fari, ya sha tsokanarta a kai. "Wata rana zan farka in ga an saƙa mini murfi," in ji shi.

Wannan a da ke nan, lokacin da yake magana. Kuma Direba ya yi magana a duniya, don ko shi kaɗai ne a mota sai ya ja sitiyari da hira. Sai ga ciwon shanyewar ɓarin jiki. Ya tafi da hannun dama da ƙafar dama, ya haɗa da harshe. Aka dawo da shi daga asibiti aka ajiye a kujerar falo, gidan ya yi tsit kamar an yi ƙaura.

Autansu ne ya kawo dabara. A shekarun ƙarfinsa Direba ya taɓa mallakar kyamarar bidiyo, ya cika kwali guda da kaset. Kaset ɗin sun fara fumfuna, na'urar kunna su kuwa ta daɗe da mutuwa. Auta ya kwashe su ya kai aka juye abin da ya tsira, ya zuba a wata 'yar kwamfuta da ba ta fi kwanon sha girma ba. Ya ajiye ta ƙarƙashin talabijin, ya jona waya, ya damƙa wa Inna rimot.

"Wannan za ki danna, sai wannan. Kada ki kashe ta, a kunne take kwana."

"Ba ta gajiya?"

"Inna, inji ne."

"Ubanka ma haka ya riƙa cewa da kansa."

Kwalin kaset kuwa, da warinsa da komai, aka miƙa wa masu kwasar shara.

To, abin da ke cikin bidiyon nan, fuskar Direba ba ta cika fitowa ba, tunda shi ke riƙe da kyamara. Amma muryarsa ta cika ko'ina. Ga shi yana yi wa Inna ba'a tana shanya, ga shi yana gardama da makaniki, ga shi yana koya wa Auta keke yana bin sa a guje, hoton na rawa: "Taka, taka, kada ka dubi ƙasa." Likita ta ce a riƙa kunna masa, jin muryarsa na iya tayar da wani abu. Kullum da yamma Inna takan gyara masa matashi, ta danna wannan, sai wannan.

Ana nan sai ta lura leɓɓansa na motsi idan an zo wurin keken. Ba ta gaya wa kowa ba, don kada ta yi saurin murna. Ran nan kuwa sauti ya fito, ɗan guntu, a shaƙe, amma sauti ne. "Ta," ya ce. Inna ta shiga kicin ta tsaya gaban tukunyar da babu komai a ciki, ta yi kukanta ta wanke fuska ta dawo.

Daga ranar babu abin da ya kai 'yar kwamfutar nan daraja a gidan. Abu mai daraja kuwa a wurin Inna ba ya zama tsirara. Ta zaɓi zare mai kauri, shuɗi, ta yi saƙar ninki biyu. Da ta juya kwamfutar ta ga wasu ƙananan huji a baya da gefe, sai ta ce lallai nan kyankyasai za su samu gida, ta bi su ta rufe tsaf. Ƙofar wayoyi kawai ta bari. Rigar ta zauna ɗas, ko tela sai haka.

Ta gaya wa Auta a waya, don aikinsa da nisa, ba kullum yake leƙowa ba.

"Na yi wa 'yar taka riga."

Ya yi dariya, a zatonsa ɗan ƙyalle ta ɗora a kai. "Inna ke nan. Saura ni."

Inna ta ji 'yar fankar da ke cikin kwamfutar ta ƙara ƙara, ta ce aiki take da zuciya ɗaya. Ta taɓa ta ji zafi, ta ce ai mai rai ma da ɗumi yake. Aka yi makonni a haka, Direba na ta kokawa da kalmarsa guda, yau ta fito rabi, gobe ta maƙale. Sai wata yamma hoton ya tsaya cak, keken a karkace, muryar ta yanke a tsakiya. Wani ƙauri ya tashi, talabijin ya yi baƙi.

Tare suka je wurin mai gyara, ita da Auta. Shagon ƙarami ne, cike da gawarwakin na'urori har rufi. Mai gyaran ya juya kwamfutar a hannu yana neman inda zai tuɓe ta.

"Wa ya yi wannan aikin?"

"Ni ce."

"Kyau kam ta yi kyau, Mama. Da ni aka yi wa da na sa. Amma kin ga nan? Ta nan take numfashi."

Ya kwance ta, ya ciro wani ɗan faifai, ya jona a tasa kwamfutar. Ya kara kunne. Abin ya yi ƙas, ƙas, ya yi shiru. Ya sake gwadawa da wata waya, ya sake da wata.

"Injin zan iya tayar da shi," ya ce. "Amma abin da ke kan wannan ya tafi. Zafi ya daɗe yana cin sa." Ya dubi Auta. "Ai ka ajiye wani kwafin a wani wuri ko?"

Auta ya dubi ƙasa. Ya yi niyyar ajiyewa tun farko, amma ya bari sai ya samu hutu.

"Ɗana," in ji Inna tana duban mai gyaran, "ba fim nake nema ba. Muryar mutum ce a ciki. Ko kaɗan ne, ko wurin keken kawai."

"Da ana tsinta da hannu, Mama, da na tsinto miki."

A hanyar dawowa babu wanda ya zargi wani. Da ma sun yi faɗa, da ya fi sauƙi. Auta ya bi 'yan'uwa ɗaya bayan ɗaya ko akwai mai guntun muryar tsohon a waya. Aka samu hotuna da yawa, duk yana dariya, baki a buɗe, babu sauti.

Kwamfutar ta dawo da sabon faifai. Auta ya cika ta da finafinai da wasan ƙwallo da shirye-shiryen dabbobi, ya ce ko za su ɗebe wa Baba kewa. Direba ya kalli talabijin, ya kalli Inna, ya sake kallon talabijin. Jira yake. Ta zauna kusa da shi ta gaya masa gaskiya, ba ta rage komai ba. Ya saurara, hannunsa mai lafiya ya ɗan matsa nata, sannan ya juya fuska wajen taga.

Ta gwada yi masa da kanta. Ta kumbura murya, ta kwaikwayi yadda yake jan magana, ta bi hirarrakin da ta haddace. Leɓɓansa ba su motsa ba. Da suka koma asibiti likita ta ce a ci gaba da ƙoƙari, amma ta faɗe shi tana duban agogo.

Abin da Inna ba ta gaya wa kowa ba shi ne wannan. Wata safiya tana wanke kofuna, ta nemi muryar mijinta a cikin kanta, kamar yadda ake laluben abu a aljihu. Kalmomin suna nan, duk ta san su. Amma da tata muryar suke zuwa. Ta kashe famfo ta tsaya, ko ƙarar ruwa ce ta hana. Daga falo babu abin da ke tashi sai surutun wasu baƙi a talabijin. Ta daɗe a tsaye, sannan ta goge hannu, ta ɗauki maganinsa da kofin ruwa ta fita.