Zagaye na Uku

Tun da hantsi Likita, ɗalibar likitancin dabbobi, take tsaye a gefen filin sukuwa, da akwatin ƙanƙara a ƙafarta da ƙaramar na'ura a hannu. Binciken da za ta kammala digirinta da shi ya rataya ne a kan abu guda: a sa doki gudu mai tsanani sau uku, bayan kowane zagaye ta ɗebi jininsa ta auna. Dawaki tara sun gama. Saura Akawal, baƙin dokin da kawunta ya yi rainonsa tun yana ɗan duƙushi.

Na'urar hannunta abu ɗaya take nunawa, wato tsamin da tsoka ke zubawa cikin jini idan gudu ya fi ƙarfin numfashi. Gishirin jiki kuwa, wanda ke fita tare da gumi, sai an kai kwalabe ɗakin gwaji, sakamako ya fito washegari.

Bayan zagaye na biyu aka huta rabin awa. Ta soka allura a jijiyar wuyan Akawal, ta cika kwalba, ta ɗiga jini a na'urar, ta jira. Tsamin ya sauka.

"Alhamdulillahi. Mahayi, shirya."

Kawu bai saki linzamin ba. Shekara arba'in yana aikin barga, a can kuma ya koya mata riƙe doki tun tana 'yar firamare. Ya shafi wuyan Akawal, ya kai yatsa bakinsa, ya tofar.

"Uwata, a bar shi haka."

"Kawu, kai da lasar gumin nan! Wata rana sai na ɗebi naka jinin na ga ko ka koma doki."

"Ki ɗiba, ai ba ki bar kowa ba. Amma gumin nan ya yi kauri, ya fara ɗaukewa, ga rana tsaka. Dubi kwiɓinsa."

Ta duba. Kwiɓin yana ɗan harbawa, daidai da bugun zuciya. Ta taɓa karanta wannan alama, ta san tana iya nufin gishirin jiki ya yi ƙasa. Amma lambar da ke hannunta kyakkyawa ce, kuma idan aka fasa zagayen nan, teburin bincikenta zai tafi da giɓi, ga ranar miƙawa ta matso.

"Gajiya ce kawai. Minti biyu ne, Kawu. Yana dawowa zan sa masa ruwa."

"Ke kika yi karatun," in ji shi, ya miƙa wa mahayi linzami.

Akawal ya tashi kamar yadda ya saba, bai san ƙi ba. A kwana ta ƙarshe ƙafafunsa na baya suka sage, ya yi taga-taga. Mahayi ya yi tsalle ya dira gefe, dokin ya kife.

Ta isa da gudu, da ledar ƙarin ruwa a hannu. Tsokar cinyarsa ta sandare kamar itace, zuciyarsa tana bugawa tana tsallake. Sau biyu ta nemi jijiya ba ta samu ba. A na uku ta samu, Kawu ya ɗaga ledar sama yana kiran sunan dokin a hankali. Ruwan bai kai rabi ba numfashin ya tsaya.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Kawu. Bai sauke ledar ba sai da ta taɓa hannunsa.

Washegari bayan azahar ta karɓo sakamako. Kwalba ta biyu, wadda ta ɗiba kafin ta ce mahayi ya shirya, ta nuna gishirin jikin ya zube ƙasa warwas. Ta daɗe zaune a kan dardumarta kafin ta iya tashi.

Ta tarar da Kawu a barga yana share turken da babu kowa.

"Me takardar ta ce, uwata?"

"Abin da ka faɗa, Kawu."

Ya gyaɗa kai, ya ci gaba da shara.

"Na rubuta wa malamina komai. Na ce an gargaɗe ni, ni na ƙi ji."

"Ni ma ai da hannuna na miƙa linzamin," in ji shi.

Ya ɗauki bokitin Akawal, wanda ya cika da safe bisa sabo, ya fita da shi ya zubar a gindin katanga.