Wayar Gidan Mista Cleon

"Ɗauke hannunki daga kan wayar nan, Odessa."

Mista Cleon ya faɗa yana dafe da ƙirji, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf. Tun safe Odessa da ɗanta Wendell suke zaune a falon tsohon, don a duk layinsu nan ne kaɗai akwai waya, kuma lambarsa suka ba masu farautar 'yan wasa. Yau manyan ƙungiyoyin besbol, wasan jifan ƙwallo da bugunta da sanda, ke zaɓen sababbin yara. Kafin su ɗauki yaro sukan bugo su ji ko zai sa hannu.

"Motar asibiti kawai zan kira," in ji ta. "Dubi leɓenka fa!"

"Waken jiya ne ya tsaya mini. In suka bugo suka ji layi a cike, wani yaro za su nema. Na san halinsu."

Ya kuwa sani. Babu kakar wasan da ba zai karanto maka da ka ba, har da wanda ya ci da wanda ya zubar. Shi kansa ya yi jifan ƙwallo a zamanin da manyan ƙungiyoyi ba sa ɗaukar baƙar fata, kuma shi ya koya wa Wendell a bayan gida, yana auna tsohuwar taya rataye a bishiya. Taurin kai kuwa, jaki ma ya sallama masa.

Tsoro ya cika Odessa. Ta juya ga ɗanta.

"Ruga gidan mai ka kira motar asibiti daga can."

"Mama, in aka bugo fa?"

"Ba ni da baki ne? Wuce!"

Wendell ya fita a guje. Tsohon ya harare ta. Tana cikin yi masa fifita da jarida wayar ta yi ƙara.

"Ɗauka mana," ya ce a hankali.

Wani mutum ne mai saurin baki daga ɗaya cikin ƙungiyoyin. Ya tambayi Wendell, ya tambayi ko zai haƙura da shiga jami'a ya sa hannu.

"Zai sa hannu," in ji Odessa. "Ni ce uwarsa."

Ta ajiye, ta juyo tana dariya da hawaye.

"Mista Cleon, sun ɗauke shi! Ka ji?"

Kansa ya karkato wajen wayar, bakinsa a ɗan buɗe, ƙirjinsa ya daina motsi. Ba ta san iya inda ya ji ba. Daga nesa jiniya ta fara tasowa, fanka na ta kaɗa gefen jaridar da ta faɗi a ƙafarsa.